Motar da Ta Daina Gajiya

Yayana gyaran rediyo ya koya, ba kwamfuta ba. Na fara da wannan ne saboda masu ce masa Injiniya, kada wani ya zaci ya taɓa zama a aji an koya masa. Shekara goma sha bakwai ya yi a kan wani ɗan tebur a bakin shagon mai sayar da fitilu, daga shi sai ƙarfen narka dalma da tabarau mai ƙafa ɗaya da ya ɗaure da zare. Mutum ne mara magana, irin wanda za ka yi wa tambaya yau ya ba ka amsa jibi. Ni ce auta a gidanmu, kuma duk surutun da Allah ya hana shi ni aka jibga wa.

Ɗansa ɗaya ne, muna ce masa Direba. Yanzu shekararsa talatin da uku, ƙato ne mai gemu, ya fi ubansa tsawo da faɗi, amma kalmomin da ke bakinsa ba su kai ashirin ba. Tun yana ɗan shekara uku aka gane ba kamar sauran yara yake ba. Ba ya kallon idon mutum, ba ya son a taɓa shi, in aka gusar da kofinsa daga inda ya saba ganinsa sai ya yi ta buga goshi da bango har jini ya fito. An kai shi asibiti, an kai shi wurin masu addu'a, an ɗura masa abubuwan da ba sai na lissafa ba. Uwarsa ta yi shekara tara tana fama, rannan ta ce za ta je gidansu ta huta kwana biyu. Ba ta dawo ba. Na zage ta shekara biyar cur, a gaban idonta da bayan idonta. Yanzu na daina, don na ɗanɗani abin da ta sha.

Direba yana ɗan shekara goma sha ɗaya wani ma'aikacin ofis ya kawo wa Yaya tsohuwar kwamfuta, irin farar nan mai allo kamar talabijin mai ƙaton ƙeya. Ofishinsu ne suka zubar, ya ce ko Yaya zai ciri wani abu a ciki. Yaya ya kai gida ya jona, ta tashi. Ashe an manta da wani faifan wasa a cikinta. Babbar motar ɗaukar kaya ce, kana zaune a mazaunin direba, kana tuƙa ta da maɓallai huɗu masu kibiya. Ga hanya, ga itatuwa, ga gidan mai, jefi-jefi saniya ta tsallaka. Wasan ke nan gaba ɗaya. Ni da na gani cewa na yi ko kyauta aka ba ni ba na so.

Yaron ya zo ya tsaya a bayan ubansa, ya ture masa hannu daga kan maɓallan, ya zauna. Bai motsa ba kusan awa guda. Yaya ya ce ranar ce ya fara shan shayi da zafinsa tun da aka haifi yaron.

Kwamfutar tana da wani ciwo. In ta yi kamar minti hamsin tana aiki sai katin da ke fitar da hoto ya ɗau zafi. Ƙarar injin motar ta fara sarƙewa, zane-zane su fito a allo, hoton ya daskare, sannan komai ya yi baƙi. Da yake Direba hanya ɗaya yake bi kullum, kuma da gudu ɗaya, abin yakan same shi ne daf da wata doguwar gada. Sai ya ɗauke hannu ya ce, “Mota ta gaji.” Ya tashi ya ci abin da aka ajiye masa, ya yarda a yi masa wanka, ya kwanta. Safe, rana, yamma, haka gidan ya riƙa tafiya. Yaya kuwa kunyar abin yake ji. Mai gyara ne, ga na'ura tana mutuwa a ɗakinsa sau uku a rana, kullum cewa yake wata rana zai kawo ƙarshen wannan iskanci.

A kan wannan kwamfuta ɗaya ya koyi sana'ar. Rediyo ta fara ja da baya, shi ma ba ya iya barin yaron ya wuni a waje, sai ya tattaro teburinsa ya dawo gida. Ɗaki biyu suke haya a wani dogon gida mai baranda ɗaya da famfo ɗaya, ɗaya nasa ɗaya na Direba, bango ne kawai a tsakani. Nasa ya koma maƙabartar kwamfutoci. Duk inda ya ji wani ofis ko makaranta sun fitar da tsofaffi sai ya je ya kwaso, ya farke, ya jera kayan cikin a gwangwanayen madara. Gadonsa ma rabi ne nasa, rabin na wayoyi ne.

Yana da ka'ida ɗaya da ba ya karyawa: abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda. In ka canza biyu ta tashi, ba ka san wanne ne ya yi aikin ba, gobe kuma ka dawo jahili. Kafin ya taɓa komai sai ya kunna ya kasa kunne, ya ƙirga kukan da take yi, dogo nawa gajere nawa, sannan ya sunkuya ya shinshina. Ya ce kondensa, 'yar gwangwanin nan mai tara wuta, in za ta mutu warinta daban, waya in ta ƙone nata daban. Na sha tsokanarsa cewa da likita ya zama da marasa lafiya sun gudu. Da abin goge fensir yake goge haƙoran ram, wato ɗan katin ƙwaƙwalwar kwamfuta, ya busa, ya mayar. Maƙwabta suka fara kawo nasu, da abin da yake samu a nan suke ci.

Cikin shekara ashirin babu abin da bai canza a kwamfutar Direba ba. Akwatin wuta sau huɗu, fanka ban san adadi ba, ma'ajiyar bayanai sau biyu, kondensa kuwa ɗaya bayan ɗaya ya cire su ya liƙa sababbi. Ya haɗa mata batir saboda ɗaukewar wuta. Katin hoton nan ne kawai ya gagara. Bai taɓa samun irinsa ba, wasan kuma ya ƙi yarda da wani. Haka ya ci gaba da lallaɓa shi kamar tsohon da ke kwance.

Wata safiya ya kunna, ta yi dogon kuka ɗaya da gajeru, allo bai kawo komai ba. Ya cire katin ya goge ya mayar. Ya canza masa rami. Ya hura masa iska mai zafi ko dalmar da ta saki za ta sake kamawa. Ya kira ni a waya, abin da ba ya yi sai da dalili, ya ce, “Auta, ki zo. Katin ya tafi.” Wallahi na ɗauka mutum ne ya rasu, kuma da na isa na ga fuskarsa ban ga bambanci ba.

Ranar farko Direba ya wuni zaune gaban baƙin allo, yatsunsa a kan maɓallai, yana jira. Rana ta biyu ya fara cizon bayan hannunsa. Ta uku ya ɓalle ƙofar ɗakinsa, ya fito baranda yana wani irin kuka mai kama da na injin da ya ƙi tashi, yaran gidan suka watse. Abinci kuwa ko kallonsa ba ya yi, sai ruwa da ƙyar. Lokacin da yake yaro Yaya yakan rungume shi ta baya har ya lafa. Yanzu wa zai rungume wa?

Babban yayanmu, wanda muke ce wa Shugaba saboda ba a taɓa yin taron dangi bai zauna a kujerar tsakiya ba, ya zo ya tara mu a baranda. Ya ce mai gidan hayar ya kira shi, masu haya sun kai ƙara, ko a san yadda za a yi ko a tashi. Ya ce akwai wani gida a bayan gari da ake ajiye irin su Direba, ya riga ya yi magana da su.

Na san gidan. Na taɓa raka wata maƙwabciyata duba ƙaninta. Tun daga ƙofa warin fitsari ke tarbar mutum, kuma na ga igiya a ƙafar gado da idona. Na faɗa wa Shugaba haka, na haɗa da wasu maganganun da ba su dace ƙanwa ta faɗa wa yayanta ba.

Ya bar ni na gama, sannan ya ce, “To ke za ki ɗauke shi? Ɗakinki nawa?”

Ɗakina ɗaya ne da falo, da miji da 'ya'ya mata uku.

Yaya da ke zaune a kan bokiti ya ɗago ya ce, “Ku ba ni sati biyu.”

Gaskiya ɗaya zan faɗa a kan Shugaba, shi ya sayo sabuwar kwamfutar da kansa ya kawo washegari. 'Yar ƙarama ce baƙa, ba ta ko da ramin faifai, ba ta kuka in an kunna, ba ta wari. Yaya ya juya ta a hannu ya ce wannan in ta yi ciwo ta ina za ta faɗa maka? Mun kwafe faifan muka zuba mata. Ta ce ba ta san shi ba. Muka bi ta wata hanya da ake ce wa sabon tsari ya yi kamar shi tsoho ne, wasan ya buɗe, ya nuna baƙi, ya rufe kansa.

Ni ce mai ɗan karatun Turanci, don haka na ɗauki hutu a wurin aiki na zo na zauna kusa da shi da waya a hannu, ina karanta masa abin da mutanen duniya suka rubuta a kan irin wannan matsala. Yawancinsu shekara goma sha biyar da suka wuce suka yi maganar. Wani zai zo ya bayyana ciwonmu daidai, kamar yana ɗakin, mu zaƙu, in gangara ƙasa sai in ga ya dawo ya rubuta, na gode, na gano, ya yi. Bai faɗi abin da ya gano ba. Na tsine wa mutane da yawa a satin nan waɗanda ban san ko suna raye ba.

A ƙarshe muka samu wata manhaja da ke gina tsohuwar kwamfuta ta ƙarya a cikin sabuwa, har da katin hoto na ƙarya, wasan ya shiga ya zauna yana zaton gidansu ne. Ya tashi. Amma motar ta zama jirgi, kana taɓa maɓalli ta tsallake gidan mai ta afka daji. An yi wasan ne a zamanin da kwamfuta ke tafiya a hankali, wannan kuwa ta yi masa sauri. Yaya ya yi kwana biyu yana rage gudu kaɗan-kaɗan, agogo a hannu, yana auna minti nawa ake yi daga tasha zuwa gidan mai, don ya san lissafin a ka. Aka gama da gudu, sauti ya ƙi. Aka samu sauti, hoto ya miƙe, itatuwa suka yi ƙiba. Abu ɗaya a lokaci guda, yana rubutawa a littafi. Ta bango kuma muna jin Direba yana buga kai, an ɗaura masa tawul a goshi, ya rame har wandonsa na zamewa.

Rana ta goma sha ɗaya komai ya daidaita. Yaya ya cusa sabuwar a cikin farin kwankon tsohuwar, ya jona tsohon allo da tsohon kibod da maɓallansa huɗu suka goge, ya bar tsohuwar fankar tana juyawa don ƙararta kawai. Muka kira Direba. Ya zauna, ya ɗora yatsu, motar ta fita daga tasha. Na ga kafaɗunsa sun sauka. Na fita baranda na yi kuka na share, na dawo da farantin shinkafa na ajiye a inda aka saba.

Minti hamsin suka cika, gada ta bayyana. Injin bai sarƙe ba. Motar ta hau gada ta sauka a ɗaya gefen lafiya lau. Yaya ya taɓo ni da gwiwar hannu, fuskarsa kamar ta ango, ya ce a hankali, “Kin gani? Shekara ashirin.”

Murnar ba ta kai awa ba. Direba bai taɓa ganin abin da ke bayan gadar nan ba. Ya ci gaba da tuƙi a hanyar da bai sani ba, wuyansa ya sandare, gumi na zuba. Awa biyu, awa huɗu. Shinkafa ta huce. Muka kira shi, muka nuna masa farantin, ko ƙiftawa bai yi ba. Wajen awa ta bakwai fitsari ya biyo ƙafar kujera, bai tashi ba. Motar ba ta gaji ba, to shi ma ba shi da izinin gajiya. Da Yaya ya ga abin ya wuce misali sai ya miƙa hannu ya kashe. Direba ya ga hannun. Ya ture ubansa ya bugu da ƙofa, haƙarƙari ɗaya ya tsage.

Ina ɗaure wa Yaya ƙirji da zane ya ce, “Auta, na gyara abin da bai kamata in gyara ba.”

Saura kwana uku a wa'adin Shugaba, mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa yana tayar da matattun na'urori ya koma neman yadda zai sa lafiyayya ta mutu. Ya sa mata lokaci ta kashe kanta bayan minti hamsin. Ta ɗauke ɗif kamar an ɗauke wuta, Direba ya yi hauka, don ba haka motarsa ke gajiya ba. Ya toshe mata iska da tsumma ta ɗau zafi. Sai kawai ta rage gudu ta ci gaba da abinta, ta ƙi mutuwa. Ya nemi wani mai rubuta manhaja ya yi masa abin da zai ɓata hoton da sauti. Dabarar ta yi aiki kwana ɗaya. Washegari zanen ya fito a wuri ɗaya, iri ɗaya sak da na jiya, Direba ya gane ƙarya ce. Tsohon katin bai taɓa mutuwa iri ɗaya sau biyu ba.

Sai Yaya ya koma sana'arsa ta asali. Ya huda bangon da ke tsakanin ɗakunan a bayan tebur, ya mayar da sabuwar kwamfutar ɗakinsa, ya zura wayoyi ta ramin, farin kwankon ya zama fanko sai fanka. Ya ciro maɓallin ƙara murya daga wata tsohuwar rediyo, wanda ya ci tsatsa yana ƙarƙara, ya liƙa a wayar sauti. Ya sassauta kan wayar hoto. Ya ajiye makunni a ƙasa inda ƙafa za ta kai. Ya sa ƙaramin allo a gabansa yana ganin abin da Direba ke gani, da wata 'yar huda a sama da yake hango ƙeyar yaron. In gada ta kusa sai ya fara murza maɓallin rediyo da hagu, injin ya sarƙe, ya murza kan waya da dama, zane ya fito, ya daskarar da hoton, ya ɗan jira, ya taka makunni.

Ina tsaye a baranda ranar da ya fara. Na ji ƙarar injin ta ɗauke, sannan na ji muryar Direba ta ce, “Mota ta gaji.” Na ji ƙarar cokali.

Shekara biyu Yaya ya yi yana mutuwa a madadin katin nan, sau uku a rana. Ba ya nisa da gida fiye da awa biyu. Bai je ɗaurin auren babbar 'yata ba, na yi fushi na sati, na huce don ban ga wanda zan kai wa ƙara ba. Abokinsa mai fitilu ya rasu, bai samu jana'iza ba. Mutane suna cewa ai Injiniya ya huta, an samu sabuwar kwamfuta. Ni kaɗai na san yana tsugune a kan ɗan benci tsakanin gwangwanaye, ido a huda.

Ƙafafunsa suka fara kumbura. Daga famfo zuwa ɗaki sai ya tsaya ya huta. Na ja shi asibiti da faɗa, likita ya ce zuciya ce, sai an kwantar da shi aƙalla kwana goma. Ya ce to, ya karɓi magani, muka dawo gida, bai koma ba. Na ce masa in ya mutu a kan bencin nan ni ba zan yi kuka ba. Ya ce, “To zauna in koya miki.”

Wata huɗu yana koya mini, lokacin da Direba ke barcin rana. Hannuna ya ƙi. In na kula da hagu sai dama ta manta, in na tuna ƙafa sai in taka da wuri. Shi kuma bai iya bayani ba.

“Ba ja za ki yi ba, murzawa.”

“Murzawar nake yi, Yaya.”

“Kin yi sauri. Ki duba wuyansa. In ya fara karkata hagu, lokacin ne.”

“Wuyan wa zan duba, yana barci?”

Sai ya karɓi wayar ya sake nuna mini, yatsunsa na tafiya kamar mai laluben ƙaya a tafin ƙafar yaro. Na tambaye shi me zai hana ya rubuta a littafin. Ya ce ya gwada, bai san me zai rubuta ba.

Wata Talata da safe ya faɗi a baranda da bokiti a hannu. Maƙwabta suka kai shi asibiti, aka kira ni. Kafin a shiga da shi ya riƙe mini mayafi ya ce kada in tsaya a nan, ƙarfe ɗaya ta kusa.

Ranar farko na yi, ban san yadda aka yi ba. Direba ya daɗe zaune gaban baƙin allon, bai ce mota ta gaji ba, can ya tashi ya ci loma uku. Na ce Allah na gode. Rana ta biyu da safe ma haka. Da rana hannuna ya yi gumi, ina murza kan wayar sai ya zame ya fita gaba ɗaya. Hoto ya ɗauke lokaci guda, injin kuwa yana ta ruri lafiya lau. Na rikice ina laluben ramin. Ban ji tashin Direba ba. Shekara da shekaru bai taɓa shiga ɗakin ubansa ba, sai kawai na ga haske ya ragu, na waiga, yana tsaye a bakin ƙofa.

Ba ni ya kalla ba. Ƙaramin allon ya kalla, inda motarsa ke tsaye a gefen hanya daf da gada, lafiyarta ƙalau. Sannan ya bi wayoyin da ido har zuwa ramin bango. Ya ce, “Gwaggo.” Sau ɗaya ya faɗa, ba da ƙarfi ba. Da ya zage ni ko ya doke ni a lokacin da ya fi mini sauƙi.

Bai sake zama a kujerar ba. Na kunna, na kira, na roƙa, na yi ƙaryar duniya. Ya koma lungu ya juya wa teburin baya. Rana ta uku na matsa masa da cokali, ya kama hannuna na hagu ya murɗe har wani abu ya yi ƙara, ya fita baranda ya fasa tagogi biyu da goshi. Wata mai goyo ta faɗi garin gudu. Wannan karon ba Shugaba aka fara kira ba, mai gidan da kansa ya zo ya tsaya.

Ranar Juma'a Shugaba ya zo da motar gidan nan na bayan gari da maza uku. Na yi shirin ganin dambe, na ma shige ɗaki don kada in gani. Ba a yi ba. Matuƙin motar, wani dattijo, ya buɗe ƙofar gaba ya ce a bar yaron ya zauna kusa da shi. Direba ya tsaya ya kalli sitiyari da gilashi da hanyar da ke gaba, ya shiga da kansa. Bai taɓa zama a gaban mota ta gaske ba. Da suka tayar na hango ta taga ya ɗora yatsu a kan gwiwarsa yana dannawa. Shugaba ya tsaya kusa da ni yana share fuska da hula, ya ce kada a faɗa wa Yaya sai ya samu ƙarfi, likita ya ce kada a tayar masa da hankali. Karo na farko a rayuwata ban yi masa musu ba.

Jiya na je asibiti, hannun hagu a cikin mayafi. Kumburin ƙafarsa ya sauka, har ya zauna ya jingina da filo. Ko gaisuwa bai bari mun gama ba.

“Ya ci?”

“Ya ci.”

“Ya faɗa? Ya ce ta gaji?”

“Ya faɗa, Yaya.”

Ya lumshe ido ya yi ajiyar zuciya. Ya ce ya san zan iya, bakina ne kawai ya fi hannuna sauri. Sannan ya ce in miƙo hannu. Na ba shi na dama. Ya kama wuyan hannuna kamar kan waya, ya ɗora babban yatsa, ya fara murzawa a hankali, gaba kaɗan, baya kaɗan.

“Kin ji? Kada ki yi iri ɗaya da na jiya. In kin yi zane biyu da safe, da rana ki bar shi ya yi rawa tukuna. Kuma kafin ki taka, ki ƙirga biyar. Yana son ya ga ta yi ƙoƙari.”

Na ce to. Ya sa na gwada a nasa hannun, ya ce na yi sauri, na sake, ya ce yauwa. Mun yi kusan rabin awa a haka, yana gyara mini, ina cewa to. Da ma'aikaciyar jinya ta zo ta ce lokaci ya yi, ya ce in tafi maza kada in makara, shida ta kusa, kuma in duba fankar kwankon, tana son ɗigon mai.

A bakin ƙofa na haɗu da likita. Ya ce jikin ya yi kyau fiye da yadda suka zata, jibi za su sallame shi ya koma gida.